Yadda za ka saka Halo Infinite a kwamfuta ka buga kyauta daga Maraɗi

Da wuya mako ya wuce ba a sami wanda ya leƙo shagona ya ce, "Yaya, wai da gaske Halo ya zama kyauta a kwamfuta? Yaya ake saka shi?" ba. Wasu tun ba su taɓa komai ba suke tambaya. Wasu kuwa sai sun ƙona mega ta jikkuna, wasan ya ƙi tashi, sannan su rungumo kwamfutar su kawo mini rai a ɓace. Halin da nake ganin waɗannan na biyun a ciki shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

E, da gaske ne. Halo wasan harbi ne da aka san shi da Xbox tun 2001, amma ranar 15 ga Nuwamba 2021 Microsoft ya saki ɓangaren fafatawa na Halo Infinite kyauta, kuma mai kwamfuta da mai Xbox fili ɗaya suke shiga. Kyautar a kan karawa da mutane ta intanet ta tsaya. Ɓangaren labarin Master Chief, jarumin wasan, na saye ne. Ba ka buƙatar Game Pass, wato rajistar wasannin Xbox da ake biya wata-wata, ba ka buƙatar katin banki. Abu uku ne za su ci kuɗinka a nan Maraɗi: na'ura, mega da wuta. Bi matakan nan yadda na jera su. Wanda ya tsallake na farko ya faɗa na shida, shi ne yake asara.

1. Auna ƙarfin kwamfutarka tun ba ka sayi mega ba

Danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta dxdiag, ka danna Entrée. Shafin farko zai nuna maka furosesa, yawan ram da irin Windows ɗin da ke ciki. Shafin Affichage, ko Display in kwamfutarka da Ingilishi take, shi zai nuna sunan katin girafik da girman ma'ajiyarsa. Ga mafi ƙarancin abin da masu wasan suka gindaya:

- Windows 10 mai 64-bit, ko Windows 11
- Furosesa Intel i5-4440 ko AMD Ryzen 5 1600
- Ram giga 8
- Katin girafik Nvidia GTX 1050 Ti ko AMD RX 570, mai ma'ajiya giga 4, wanda yake ɗaukar DirectX 12
- Fili giga 50 a disk

In kana son wasan ya fito tas, abin da suka ba da shawara shi ne i7-9700K ko Ryzen 7 3700X, ram giga 16, da RTX 2070 ko RX 5700 XT. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Da na ƙasan ma ana bugawa, in aka rage kyan hoto.

Hattara: in ka ga an rubuta Intel HD Graphics ko UHD Graphics kaɗai, tsaya nan. Yawancin laftof ɗin ofis da ake kawowa kasuwa haka suke, ko da an liƙa musu tambarin i7. Wani ƙanen abokina da ke karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya kwana uku yana sauke wasan a irin wannan laftof, da kuɗin da aka aiko masa na abinci. Da ya buɗe, allon ya yi baƙi ya dawo da shi waje. Ya zo ya zauna a bencin shago, ya ce, "Yaya, ba wata dabara?" Babu. Furosesa ba ta maye gurbin kati, kuma katin laftof ba a canza shi.

Wata laftof ɗin kati biyu gare ta, ƙarami na Intel da babba na Nvidia. Don ka tabbatar, danna Ctrl da Shift da Échap tare, ka shiga Performance, ka duba ko akwai GPU 0 da GPU 1.

Maganar ram: sanda biyu masu giga 4 ko giga 8 sun fi sanda ɗaya tilo sauri, don hanya biyu suke buɗe wa furosesa. Disk kuma in da hali ya zama SSD. Tsohon disk mai juyi zai ɗauki wasan, sai dai za ka riƙa jira abokanka sun shiga fili kai kana bakin ƙofa.

2. In sai ka sayi kati

Hanya mafi sauƙin kuɗi da na sani ita ce tsohuwar kwamfutar tebur ta ofis, Dell ko HP mai i5 ƙarni na huɗu, kamar i5-4570 ko i5-4590, a ƙara mata ram, a sa SSD, a dasa kati. Amma kafin ka biya kuɗin katin, buɗe murfin akwatin ka duba abu biyu.

Na farko faɗin akwatin. Siraran akwatunan nan ba sa ɗaukar kati mai cikakken tsayi, sai gajere, wanda masu sayarwa ke kira low profile. Na biyu akwatin wutar da ke ciki. Na kwamfutocin ofis yawanci tsakanin wat 250 ne da 300, kuma ba su da wayar da ake soka wa kati. Nan GTX 1050 Ti ya yi zarra: wat 75 yake ci, kuma yawancinsu daga ramin da aka dasa su suke shan wuta. RX 570 ya fi shi ƙarfi a wasa, amma wat 150 yake ci, yana son waya ta daban mai baki 6 ko 8, da akwatin wuta na wat 450. In ka dasa shi a akwatin ofis, ko dai ya ƙi tashi, ko kwamfutar ta riƙa mutuwa da an fara harbi.

Hattara da jabu, don GTX 1050 Ti yana cikin katunan da aka fi yi wa jabu. Tsohon kati ake ɗauka, irin su GTS 450, a sauya masa suna a ciki, har Windows ta karanta shi da sunan ƙarya. Alama ta farko da ido ake ganinta: na gaske ba shi da shuɗin bakin VGA mai ramuka 15. Duk wanda ka gani da shi, ajiye. Ta biyu, sa mai kayan ya dasa shi a gabanka, a buɗe ƙaramar manhajar GPU-Z, ita takan tona asirin yawancin jabun. Ta uku, a saka direban Nvidia na yanzu daga shafinsu; jabu da faifan direbansa yake zuwa, ba ya karɓar na gaske. Ni kaina an taɓa aiko mini da irinsa cikin kwali mai ƙyalli, na gane ne da na juya bayansa na ga bakin VGA. Araha ba ta ado.

Farashin waɗannan kaya yana bin canjin naira da sefa, don da yawa ta Kano da Katsina suke shigowa. Tambayi wuri uku kafin ka ciro kuɗi, kuma ku yi magana a fili cewa in bai yi aiki cikin kwana biyu ko uku ba za ka mayar. Mai kayan kirki ba ya ƙin wannan sharaɗi.

3. Wuta, zafi da ƙura

Kwamfutar tebur mai i5 da 1050 Ti, in tana tsakiyar wasa, wajen wat 200 take ci, ban da allo. Sayi ondila, akwatin batir da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke. Ƙarama mai VA 650 mintuna kaɗan za ta riƙe ka, iya ka rufe wasa ka kashe na'ura lafiya. In kana da RX 570, nemi ta VA 1000 ko sama. Jona akwatin intanet ɗinka a jikinta shi ma, in ba haka ba kwamfuta za ta tsaya a kunne amma layi ya yanke. Mai panno da batir da inbata ya fi kowa kwanciyar hankali, muddin inbatar mai tsabtatacciyar wuta ce.

Abin da ya sa na damu da wannan: a Halo, wanda ya fita ana tsakiyar wasa ana ɗaukarsa ya gudu ne. Na'urar ba ta san kuran ne ya ɗauke ba. In abin ya maimaitu za a hana ka shiga na ɗan lokaci, kuma hanin ƙaruwa yake yi.

Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, kati yana rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, sai ka ga wasan da ya fara sumul ya koma tsalle-tsalle bayan rabin awa. Ɗaga akwatin daga ƙasa, ka raba shi da bango, ka juya masa fanka. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Duk wata ka cire wayar wuta, ka buɗe murfi, ka hure da abin hura iska, kana riƙe da fankar kati da yatsa don kada ta yi ta juyi a banza. Mai laftof kada ya ɗora ta kan katifa ko darduma. Ko murafun kwalba huɗu ka sa a ƙarƙashinta iska za ta samu hanya.

4. Gwada layinka

Abu biyu ne a nan, kuma mutane suna haɗa su. Saukewa yawan mega da gudu take so. Wasan kansa ba ya cin mega sosai, layi mai natsuwa yake so.

Lissafin saukewa ga shi. Gudun da kamfanoni ke faɗa da megabit ne, Steam kuwa, manhajar da za ka sauke wasan da ita, yakan nuna megabait, kuma megabit 8 ne megabait ɗaya. Giga 50 a kan layi mai megabit 10 awa 11 ne da ɗoriya, in bai yanke ba. A kan megabit 5, awa 22. Kuɗin kuma, duba nawa giga ɗaya take kamawa a forfen da kake saye, ko Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom, ka ninka da girman da Steam zai nuna maka, ka ƙara giga 5 zuwa 10 saboda direba da sabunta Windows. Forfen dare da manyan forfe na wata sun fi ƙananan na yini sauƙi in aka raba da giga. Duba ranar ƙarewarsa kuma, kada ya mutu kana rabi.

Natsuwar layi da ping ake auna ta, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je saba, babbar kwamfutar da ke can nesa, ya dawo. Buɗe cmd ka rubuta ping -n 50 8.8.8.8. Wannan ba sabar Halo ba ce, amma zai nuna maka halin layinka. Duba ƙarshen sakamakon: saƙo nawa ya ɓace, kuma yaya tazarar ƙarami da babba. Layin da ya tsaya a 130 bai motsa ba ya fi wanda ke lilo tsakanin 70 da 400. Nijar ba ta da bakin teku, ta ƙasashen maƙwabta layinmu ke bi kafin ya kai sabobin Microsoft, saboda haka kada ka sa ran 30 ko 40 irin na mutanen Turai. A ganina ƙasa da 150 ana wasa da daɗi. In ya haura 200, za ka riƙa mutuwa bayan ka riga ka shige bayan bango.

Abin da ke rage matsalar: jona kwamfuta da akwatin intanet ta kabul maimakon wifi. In da waya kake rabawa, haɗa ta da kabul na USB, ka ajiye ta bakin taga inda rizo ya fi ƙarfi. Roƙi ƴan gida su dakata da bidiyo na ɗan lokaci, don waya ɗaya mai kallon TikTok ta isa ta hargitsa maka wasa. Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025, kuma in wani na kusa da kai yana da shi, ko don saukewar farko kaɗai ya cancanci ka je ka yi sallama.

5. Buɗe asusu biyu

Asusun Steam da asusun Microsoft kake buƙata, duka kyauta. Ana samun wasan a manhajar Xbox ta Windows ma, amma ni Steam nake sa mutane, saboda yana ci gaba daga inda ya tsaya in layi ya yanke, kuma kwafe shi zuwa wata kwamfutar ba wuya.

Shiga store.steampowered.com, ka sauke manhajar daga can kawai, ka yi rajista da imel ɗin da kake iya buɗewa yanzu-yanzu, don lambar Steam Guard can za ta riƙa zuwa. Sannan ka je account.microsoft.com ka buɗe na biyun, ka shiga xbox.com da shi ka zaɓi sunan da za a riƙa ganinka da shi a fili.

Hattara wajen ranar haihuwa. In shekarun da aka sa na yaro ne, Microsoft zai ɗaure asusun a ƙarƙashin na babba, kuma ba zai shiga wasa da mutane ba sai uba ko yayan da ke riƙe da shi ya buɗe izini a saitin sirri na Xbox. Wannan tsari ne mai kyau, kada a yi ƙarya don a kauce masa. A Turai shekara 16 aka sa wa wasan. Babu jini barkatai a ciki, amma akwai baƙi masu magana ta makirfo, kuma ba kowane baki ne mai tsabta ba.

Lambar waya da imel na ceto su zama naka, ba na mai siber ko na abokin da ya taya ka ba. Rubuta kalmomin sirrin a littafi ka adana a gida.

6. Saukewa

Jerin yana da muhimmanci. Fara da sabunta Windows. Bi da direban kati daga shafin Nvidia ko AMD, ka sake kunna kwamfuta. Bayan nan ka shiga saitin wifi ko Ethernet na Windows ka kunna Connexion limitée, wato ka shaida mata megarka a ƙirge take, don ta daina jan manyan kaya a ɓoye. Sai ka buɗe Steam, ka nemi Halo Infinite, ka zaɓi na kyauta. Wanda aka rubuta Campaign a gabansa da farashi, ba shi ba ne.

Ga dabarar da ke ceton giga masu yawa. Da saukewa ta fara, dakatar da ita. Je Bibliothèque, ka danna sunan wasan da maɓallin dama, ka shiga Propriétés, sannan DLC, ka cire alamar da ke kan High-Res Textures. Hotuna ne masu nauyi da aka yi wa manyan katuna. Kati mai giga 4 ba abin da za su ƙara masa sai wahala. Sannan ka ci gaba.

Hana kwamfuta barci a saitin wuta, in ba haka ba za ka tashi da asuba ka tarar ta tsaya tun ƙarfe ɗaya. In kuran ya ɗauke ana tsakiya, kada ka goge komai. Kunna, buɗe Steam, zai ɗora. In an gama, koma Propriétés, Fichiers installés, ka sa ya binciki lafiyar fayilolin. Abin da ya lalace kaɗai zai sake jawowa.

A Propriétés ɗin dai, ɓangaren Mises à jour, zaɓi kada ya sabunta sai ka buɗe wasan. Amma ka sani, wasan intanet ba ya barin ka shiga da tsohon zubi. In sabuntawa ta fito dole ka sauke, wani lokaci giga da dama. Riƙa barin fili a disk, da ɗan abin sayen mega a gefe.

7. Ko ka kwafa daga wanda ya riga ka

Wannan ya fi komai sauƙi, kuma halal ne tunda wasan kyauta ne. In abokinka yana da shi a Steam, kai kwamfutarka gidansa, ku jona a akwatin intanet ɗaya, ku shiga saitin Steam, Téléchargements, ku kunna tura fayil ta layin gida a duka biyun, ku ba kowa izini. Da ka danna saukewa, daga kwamfutarsa zai riƙa ja.

In ɗaukar na'ura zai yi wuya, disk na waje ko kile mai giga 64 ya isa. A kwamfutarsa, cikin Steam, steamapps, common, kwafi jakar Halo Infinite, ka haɗa da fayil ɗin appmanifest_1240440.acf da ke cikin steamapps. A taka, rufe Steam gaba ɗaya, ka zuba kowanne a mazauninsa, ka buɗe, ka sa ya binciki fayiloli. Nasa ya zama sabon zubi, kuma a wanke kilen da maganin bairos kafin a soka.

Hattara: duk wanda ya ce zai sayar maka da "Halo da aka fasa" ko manhajar da ke saita maka bindiga, rabu da shi. Na farko ba ya shiga fili, kuma ta nan ɓarayin asusu ke shigowa. Na biyu kuwa rufe asusu yake jawowa.

8. Saitin farko

Buɗewar farko takan daɗe, wasan yana shirya hotunansa daidai da katinka. Ƙyale shi. Zai nemi asusun Microsoft, ka shiga. Akwai Faransanci a cikin harsunansa, in shi ya fi maka.

A saitin bidiyo, mai ƙaramin kati ya sa komai a Low. Mafi ƙarancin hoto a daƙiƙa, sa shi 60. Wasan zai riƙa rage kaifin hoto da kansa in fili ya rikice don gudu ya tsaya. In allonka na 60 ne, mafi yawa ma ka sa 60, kati ya huta da zafi. Kashe V-Sync, yana sa hannu nauyi. Faɗin gani yana kaiwa 120, amma wajen 95 zuwa 100 ya ishe ka. In ya yi yawa abokan gaba ƙanana suke komawa. A saitin fuskar wasan kunna ma'aunin hoto da na layi, su zauna a kusurwa kana ganin ping ɗinka. Da shi za ka bambance laifin kati da laifin rizo.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Yawancin kilabiyenmu na Faransa ne, AZERTY, wasan kuwa da W, A, S, D aka tsara tafiyarsa. Shiga saitin maɓallai ka tabbatar gaba Z ne, hagu Q, baya S, dama D, sannan ka duba abin da ke kan Q da Z a da ka mai da shi wani wuri. Na sha ganin yaro yana son ya matsa hagu sai ya jefar da kayan aikinsa.

Mai manet ta Xbox ya soka USB kawai. Ta PlayStation 4 ma tana yi ta hanyar Steam. Manet tana da ɗan taimakon saiti, suri kuma ya fi saurin juyi. Wanda hannunka ya saba da shi shi ne naka. Mai suri ya rage saurinsa fiye da yadda yake zato, ya samu faffadan wurin ja. Sa abin kunne, don takun mutum a bayanka da kunne ake kama shi.

9. Kada ka faɗa fili ranar farko

Shiga Academy tukuna. Akwai darasin farko, da wurin gwada kowace bindiga, da filin horo inda kake karawa da mutum-mutumin na'ura, kana ƙara musu wayo yadda kake so. Ba su kwana biyu.

Wanda ya taso da Free Fire ko Call of Duty a waya, ga inda Halo ya sha bamban. Kowa yana da garkuwa. Harbi a ka ba ya kashewa da ƙananan bindigogi sai garkuwar ta fashe. Za ka ga jikinsa ya yi walƙiya, to a lokacin ake ɗaga bindiga zuwa kai. BR75 da harbi huɗu take gamawa in na ƙarshen ya sami kai. Kai ma in taka garkuwar ta fashe, ja da baya ka laɓe, cikin ƴan daƙiƙoƙi za ta cika. Sabon ɗan wasa a nan yake ta mutuwa: yana jin ƙarar gargaɗi amma yana kutsawa. Haɗa harbi da gurneti da duka. Duka ta baya kisa ne nan take.

Kowa da makami iri ɗaya yake farawa. Manyan, irin su roka, bindigar maharba S7, takobin wuta da guduma, a fili suke fitowa lokaci-lokaci, ana kuma sanarwa kafin su fito. Ƙungiyar da ta riga zuwa wurin ita ke juya wasan. Da'irar da ke kusurwar ƙasa tana nuna mai motsi kusa da kai, amma mai tafiya a tsugune ba ya fitowa.

Fara da wasan huɗu da huɗu. A Slayer, waɗanda suka riga kai kisa 50 su suka ci, saboda haka duk mutuwarka maki ce ga abokan gaba. Bi ɗan ƙungiyarka, kada ka yi yawo kai kaɗai. A Oddball da ƙwace tuta kuwa, riƙe ƙwallo da kai tuta gida shi ne aikin, ba tara kisa ba. In ping ɗinka yana da nauyi, Big Team Battle na 12 da 12 ya fi yafiya, haka Firefight inda ku huɗu kuke haɗuwa a kan dakarun na'ura. Wasan matsayi, mai hawa daga Bronze zuwa Onyx, bar shi sai layinka da wutarka sun tabbata.

Zagaye ɗaya yakan ci minti 10 zuwa 15. Duba agogo kafin ka danna nema. In an kusa kiran salla, ko Inna ta ce za ta aike ka, kada ka fara, tunda fita a tsakiya laifi ne a wurinsu kuma cutar da ƴan ƙungiyarka ne. Samun abokan wasa ya fi sauri da yamma zuwa dare, lokacin da mutanen Turai suka taso aiki. Agogonmu ɗaya da Faransa a lokacin sanyinsu, da zafinsu kuma awa ɗaya suke gabanmu.

10. Kantin cikin wasa

Za ka ga sulke masu ƙyalli da launuka ana tallarsu. Ado ne zalla. Ba wanda ke ƙara ƙarfin bindiga ko kaurin garkuwa, kuma wannan yana cikin abin da ya sa nake girmama wasan: ɗan mai kuɗi da ɗan talaka da bindiga ɗaya suke farawa. Kuɗin cikin wasa guda 1,000, waɗanda ake sayen adon da su, dalar Amurka 9.99 ne, wajen jika 6 ke nan, labarin Master Chief kuma a dala 59.99 ya fito, sama da jika 30, kodayake Steam yakan karya farashi lokaci-lokaci. In jika 6 ta shigo hannunka, sandar ram ta biyu ko kabul mai kyau zai fi canza maka wasa. Iyaye kuma kada a bar katin banki a maƙale a asusun da yaro ke amfani da shi.

11. Ga mai gidan wasa

Sauke sau ɗaya, ka raba wa sauran ta hanyar mataki na 7. Kowace kwamfuta da nata asusun Steam da nata na Microsoft, don asusu ɗaya ba ya wasa a na'ura biyu lokaci guda. Raba allo gida biyu a Xbox yake, babu shi a kwamfuta, saboda haka kujera ɗaya mutum ɗaya.

Haɗa na'urorin da suwic da kabul, ba wifi ba. Zubin kwamfuta yana barin na'ura ɗaya ta zama sabar gida, sauran su shiga ta Custom Game, inda ake zaɓen saba. A nan ping kusan babu shi, kuma a nan ne yaran unguwa za su ɗanɗani wasan yadda aka gina shi. Ku shiga asusu tun layi yana nan, sannan ku koma na gida. Fara musu da Slayer a ƙaramin fili, biyu da biyu.

Asusun shago ya zama na shago, kai kaɗai ka san kalmar sirrinsa. Wanda ya zo da nasa asusun, buɗe masa mai amfani na daban a Windows, in ya tashi ka tsaya a kansa ya fita daga Steam da Microsoft kafin na bayansa ya zauna.